Farin Garin da ke Ɓoye a Kwalbar Gwajin Jini da Cikin Sitiyari

Duk wanda zazzaɓi ya kai shi shagon magani ko ƙaramin asibiti a Shadawanka da ke Bauchi cikin 'yan shekarun nan ya san yadda ake yi. Za a goge masa ɗan yatsa da auduga mai sifirit, a soke shi da 'yar allura, a lakato ɗigon jini da siririn tsinken roba, a sa a ramin wata farar 'yar roba mai tsawon yatsa. Sai ma'aikacin ya ɗauko wata 'yar kwalba, ya ɗiga ruwanta a ɗaya ramin, ya ce a ba shi minti goma sha biyar zuwa ashirin. Layi ɗaya, babu maleriya. Layi biyu, akwai. Hankalin kowa yana kan layukan, ba wanda ke tambayar abin da ke cikin kwalbar.

Takardar da ke cikin kwalin ta faɗa, amma da Turanci, da ƙananan baƙaƙen da sai mutum ya matse ido. A yawancin irin waɗannan kayan gwaji, ruwan yana ɗauke da wani sinadari mai suna sodiyom azayid, abin da bai wuce kashi 0.1 cikin 100 ba. Shi ne kuma a cikin shuɗin ruwa da rawayan ruwan nan da ake ɗigawa a kan jini idan za a gano rukunin jinin mai ba da gudummawa ko na mace mai ciki. Tun 2010 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba kowa maganin maleriya sai an gwada shi, waɗannan 'yan kwalabe suka cika ƙasar nan, don Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya.

Sodiyom azayid guba ce, kuma gubar da ake jerawa kusa da sayanayid. Mai karatu zai ce to don me ake ajiye ta a kantar shagon magani? Amsar tana wajen yawa. Kwalba mai mililita biyar, idan kashi 0.1 cikin 100 ne, miligiram biyar ke nan. Tsohuwar motar da aka ajiye a bakin shagon kuwa, in ƙirar shekarun 1990 ce kuma jakar iskarta ba ta taɓa fashewa ba, tana iya ɗauke da giram hamsin a cikin sitiyari kaɗai. Ninki dubu goma. Ga alama dai mun ajiye tsoronmu, in ma muna da shi, a inda bai kamata ba.

A ido, farin gari ne mai ɗan ƙyalli wanda za a iya ɗauka gishirin miya ne, ba shi da wari, kuma yana narkewa a ruwa nan da nan. Ƙirarsa ba ta da yawa: ƙwayar zarra ɗaya ta sodiyom, wato ƙarfen da ke cikin gishiri da kanwa, sai ƙwayoyi uku na naitirojin a jere. Naitirojin shi ne kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, kuma a iska bibbiyu yake tafiya, riƙe da juna tamau. Jerin nan na guda uku zaman dole ne. Da ya sami dalili sai ya watse ya koma bibbiyu, ya saki zafi da iska mai yawa. Duk halayen wannan sinadari, masu amfani da masu cutarwa, daga nan suka taso.

Jamusawa ne suka fito da shi. Theodor Curtius ya haɗa asid ɗin wannan dangi a 1890, Wilhelm Wislicenus kuma ya samo hanyar yin garin a 1892, hanyar da masana'antu suka ɗauka. Shi garin ba ya tashi don an buge shi ko ya faɗi ƙasa, sai zafi ya kusa digiri 300 kafin ya tarwatse. Abu biyu ne ba ya shiri da su. Na farko asid. Idan ya haɗu da abu mai tsami irin ruwan batir ko wasu ruwan wanke bayi, sai ya zama wani ruwa mai kaifin wari da ke tafasa a digiri 37 kacal. Wanda ya san Bauchi a watan Maris da Afrilu ya san rana tana haura wannan, wato a wurinmu abin ba zai tsaya a ruwa ba, tururi zai zama ya shiga hanci. Na biyu ƙarafa masu nauyi, musamman dalma da jan ƙarfe. Da su yake haɗuwa ya haifar da gishirin da ɗan bugu ko goga kaɗan ke tayarwa.

Wannan ba baƙon labari ba ne a Shadawanka, unguwar da sunanta ya tafi da barikin soja, mazaunin Birged ta 33 ta sojojin atilare. Azayid ɗin dalma ya fi shekara ɗari yana aiki a harsasan manyan bindigogi na rundunonin duniya, shi ne ɗan abin da ke fara kamawa ya tayar da sauran. Soja ya san yana riƙe da abu mai haɗari, an koya masa, an rubuta masa a jikin akwati. Mai gyaran famfo ba wanda ya taɓa gaya masa cewa irin wannan gishiri yana iya taruwa da kansa a gwiwar bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu na ɗakin gwaji.

Haka ya faru a Amurka. A shekarun 1970 asibitoci suka rungumi injinan ƙirga ƙwayoyin jini, kuma ruwan da ake tsarma jinin da shi yana da azayid. Kullum ana zubar da shi a magudana. Kaɗan-kaɗan ya riƙa cin bututun dalma da na jan ƙarfe, yana barin ɓawo a ciki, har aka fara samun fashewa lokacin da masu gyara suka zo zura waya ko kwance bututun da ya toshe. A watan Agusta na 1976 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar, NIOSH, ta fitar da gargaɗi na musamman a kan haka. Tun daga nan kusan kowace takardar kayan gwaji take ɗauke da jimla ɗaya: in za a zubar, a bi shi da ruwa mai yawa. Bututanmu yanzu na roba ne akasari, wannan sa'a ce, amma kawunan famfo da mahaɗai na tagulla suna nan, tsofaffin gine-ginen gwamnati kuma ba kowa ya san abin da ke cikin bangonsu ba. Sannan wanda ya rubuta waccan jimla yana zaune ne inda famfo ba ya ɗaukewa. Ɗakin gwajin da ke aiki da bokiti da moɗa ba zai yi wa magudana wanka don ɗigon ruwan gwaji ba.

Me ya sa masu ɗakin gwaji ba su rabu da shi ba

Saboda yana yin aikin da ake so, da arha, kuma da ɗan kaɗan. Ruwan gwaji yawanci yana da furotin a ciki, furotin kuwa abincin bakteriya ne. A bar kwalba a buɗe a ƙasa mai zafi, wuta tana zuwa tana tafiya, firji yana hucewa, cikin kwanaki ruwan ya gurɓace ya fara ba da sakamakon ƙarya. Kashi 0.02 zuwa 0.1 cikin 100 na azayid ya isa ya hana bakteriya yaɗuwa a ciki tsawon watanni.

Yadda yake yin haka shi ne kuma yadda yake kashe mutum. David Keilin na Jami'ar Kambirij ya bayyana shi a 1936. A cikin kowace ƙwayar halitta mai numfashi akwai wani inzayim mai ɗauke da ƙarfe, wanda shi ne matakin ƙarshe na ƙona abinci da iskar oksijin don a sami ƙarfi. Azayid yana zuwa ya manne wa ƙarfen nan ya hana shi aiki. Abinci yana nan, oksijin yana nan a cikin jini, amma kamar murhun da aka cika da itace aka toshe masa ƙofar iska, wuta ba ta ci. Zuciya da ƙwaƙwalwa, da suka fi kowa cin wuta, su ke fara galabaita. Ban da wannan yana buɗe jijiyoyin jini, jini ya faɗi warwas. A shekarun 1950 har an gwada shi a matsayin maganin hawan jini kafin a bar shi.

Abin sha'awa, ba duk bakteriya yake kamawa daidai ba. Dangin da ke cikin hanji irin su Ikolai suna tsayawa cak, amma wani dangin na hanji, wanda ake kira enterokokas, bai dogara da wancan inzayim ba, don haka ko a jikinsa. Masana suka mai da wannan abin aiki. Mai son sanin ko bayan gida ya shiga rijiya, ko ruwan burtsatse, ko wanda aka ɗebo daga dam ɗin Gubi, sai ya shuka samfurin ruwan a kan abincin bakteriya mai azayid, irin wanda Slanetz da Bartley suka tsara a 1957. Sauran ƙwayoyi su kwanta, enterokokas kaɗai ya tsiro, a ƙirga shi. Masu auna yawan oksijin a ruwan kogi ko kududdufin kifi su ma suna ƙara shi a tsohuwar hanyar Winkler ta 1888, don ya kawar da wani sinadarin da ke rikita lissafi. Ana sa shi a samfurin madara don kada ya lalace kafin a auna. A gefe guda kuma duk ɗalibin da ya taɓa zuba ruwa mai azayid a gwajin da ke aiki da inzayim ɗin ferokzides ya ga farantinsa ya ƙi canza launi, domin ya kashe abin da zai ba shi amsa.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a faɗa a nan. Kwalin gwajin maleriya mai guda ashirin da biyar sau da yawa kwalba ɗaya yake zuwa da ita. In ta ƙare ko ta ɓata kafin kayan su ƙare, wasu sukan ɗiga ruwan allura, ko ruwan leda, ko su aro ta wani kamfanin. An gwada wannan a bincike, an ga yana fito da layi biyu ga wanda ba shi da maleriya. Ruwan nan ba ruwa ne kawai ba, shi ke fasa ƙwayoyin jini ya daidaita tsami, azayid kuma yana tsare shi. Mutum ya sha maganin cutar da ba ita ke damunsa ba, taifot ko wani abin yana can yana cinsa.

Ɗan abin da ke cikin kwalbar ba zai kashe babba ba, amma ba abin wasa ba ne a hannun yaro. Lokacin annobar korona, da kayan gwajin gida suka shiga gidajen Amurka, cibiyoyin kula da shan guba sun yi ta samun kira: wannan ya ɗiga a ido yana zaton maganin ido ne, wancan yaronsa ya tsotsa. A 2022 sai da hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta ja kunnen jama'a. A wurinmu yara suna tsince-tsince a bolar bayan shagon magani, 'yar kwalba mai murfi kuwa abin wasa ce mai kyau.

Inda garin kansa yake

Kwalbar garin zalla ba a shagon magani take ba. Tana manyan makarantu da cibiyoyin bincike, irin ɗakunan gwajin Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Yelwa da Gubi, da takwarorinta a Zariya da Kano da Sakkwato. Masu taɓa ta kuwa, abin mamaki, ba 'yan kimiyyar haɗa sinadarai kaɗai ba ne, har da 'yan sashen tsirrai da aikin gona.

A shekarun 1970 masu bincike a Jami'ar Jihar Washinton, ƙarƙashin Robert Nilan da Andris Kleinhofs, suka gano cewa idan aka jiƙa irin sha'ir a ruwan azayid, sai a sami sauye-sauye masu yawa a ƙwayoyin gadonsa ba tare da an farfasa su ba. Ba a ɗauko komai daga wata halitta an dasa ba, ƙwayar gadon shukar ce ake tuntsura wa harafi nan da can, a kan sa'a. Mafi yawan sauyin ɓarna ne, shuka ta fito fara fat ko ta tsumbure. Amma a cikin dubbai akan dace da ɗaya mai nuna da wuri, ko mai jure fari, ko gajere wanda iska ba ta kayarwa. Ba ya buƙatar injin haske mai tsada, kwalba ɗaya da ma'auni sun isa, shi ya sa jami'o'in Najeriya suka kama shi hannu bibbiyu. An gwada shi a tumatir a Zariya, an gwada a gyaɗa da wake da riɗi a wurare da dama.

Ra'ayina a nan ba zai yi wa wasu daɗi ba. Da yawa daga cikin waɗannan ayyuka na ɗaliban shekarar ƙarshe suna tsayawa ne a shukar farko. A jiƙa iri, a shuka a leda, a auna tsawo da yawan ganye, a rubuta cewa magani kaɗan ya fi magani da yawa, a ɗaure kundi. Alhali abin da ake gani a shukar farko yawanci raunin guba ne kawai. Sauyin gado na gaskiya sai a 'ya'yanta yake bayyana, a shuka ta biyu, sannan a zaɓa a sake shukawa shekara da shekaru. Zangon karatu ɗaya ba ya isa. Ke nan an sa yaro ya auna gari mai kisa, wani lokaci ba safar hannu, ba akwatin zuƙe tururi, a ruwa mai tsami wanda shi ne ainihin yanayin da ke tayar da tururin, don sakamakon da ba zai kai gonar kowa ba. Ragowar ruwan jiƙon kuma ina ake zubar da shi? Irin da ya rage, wa ya tabbatar bai faɗa hannun mai shara ko bakin kaji ba?

Ƙa'idojin riƙe shi ba su da wuya. Ba a ɗibarsa da cokalin ƙarfe, sai na roba. Ba a ajiye shi kusa da asid. Ana kulle shi, a rubuta wanda ya ɗiba da nawa ya ɗiba. Wannan na ƙarshe ƙasashen da suka fi mu kayan aiki ma da wuya suka koye shi. A watan Agusta na 1998 ma'aikatan wani kamfani a Nigata ta ƙasar Jafan suka kwanta bayan shan shayi, aka samu an zuba azayid a tulun ruwan zafi, kuma daga 1999 gwamnatin ƙasar ta sa shi a jerin gubar da ba a sayarwa sai da rajista. A Agustan 2009 mutum shida a Makarantar Likitanci ta Habad suka sha kofi daga injin da ke kusa da ɗakunan bincikensu, jiri ya kwashe su, aka gano shi a ciki. A 2010 wasu mutum biyar suka gamu da shi a shayin ƙanƙara a wani gidan abinci a Dalas.

Alamunsa suna zuwa cikin mintoci: jiri, ciwon kai, bugun zuciya da sauri, gumi, amai, faɗuwa. Babu makarin da aka tabbatar yana karya shi, likita yana tallafar numfashi da jini ne har jiki ya fitar. Manja da madarar da muka saba ɗura wa wanda ya sha guba ba sa yin komai a nan, sai ɓata lokaci. Sa shi amai kuma ya fi muni, don asid ɗin ciki ya riga ya mai da shi tururi, mai jinya ma yana iya shaƙa. A fitar da mutum iska, a cire kayan da abin ya taɓa, a wanke fata da ruwa, a nufi asibitin koyarwa ko na ƙwararru da kwalbar ko takardarta a hannu.

Kada a ɗauka sharri ne zalla. Maganin farko da aka amince da shi don cutar ƙanjamau a 1987, wato AZT, haruffan farko na sunansa daga wannan jeri na naitirojin uku suka fito. Magungunan hawan jini irin losatan da balsatan, da dattawa ke saya a Wunti, da azayid ake ƙulla wani zobe da ke jikinsu. A nan ma an taɓa yin tuntuɓe: kamfanin Zhejiang Huahai na ƙasar Sin ya sauya hanyar haɗa balsatan, sinadarin da yake zubawa don kashe ragowar azayid ya haifar da wani gurɓatacce mai iya jawo daji, aka janye maganin daga kasuwannin Turai da Amurka a watan Yuli na 2018. Lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai ta 2022 kuwa, da Carolyn Bertozzi da Morten Meldal da Barry Sharpless suka raba, a kan dabarar ƙulla sinadarai da azayid aka ba da ita.

Abin da ke cikin sitiyari

Yanzu mu koma bakin titi, inda kayan suka fi yawa kuma sani ya fi ƙaranci. Jakar iska, wadda kanikawa ke kira iyabag, ba iskar da aka matse a tulu ba ce a yawancin tsofaffin motoci. Wani gwangwani ne na ƙarfe a rufe ruf, cike da ƙwayoyi kamar na magani. Idan mota ta yi karo, na'ura ta ji tsayawar ba-zata, sai ta aika wuta ta kunna ɗan abin da ke tsakiyar gwangwanin. Azayid ya tarwatse. Giram 130 yana ba da kusan lita 67 na naitirojin, kuma jakar tana cika cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa ba, kafin ƙirjin direba ya kai ga sitiyari. Sodiyom ɗin da ya rage, wanda shi kansa yana kamawa da wuta in ya taɓa ruwa, an haɗa shi da wasu sinadarai da ke mai da shi wani abu kamar gilashi. Farar ƙurar da ke tashi bayan fashewar hoda ce da ɗan abu mai yaji a ido, ba azayid ba ne, shi ya riga ya ƙone. Ta ɓangaren fasinja, da yake jakar ta fi girma, akan sa har kusan giram 200.

Amurka ta wajabta jaka biyu a kowace sabuwar ƙaramar mota daga ƙirar 1998, Turai ma ta cika motocinta da su a wannan zamani. To ina motocin shekarun nan suka ƙare? Da yawa sun biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano da Legas, suka hau titin Jos da na Kano suka shigo Bauchi, suka yi tasi, suka yi jigilar 'yan makaranta, yanzu suna kwance a garejin kanikawa ba taya. Tun a shekarar 2000 wani masani a Jami'ar Arizona, Eric Betterton, ya yi ta jan hankali cewa makabartun motoci suna tara tan-tan na wannan sinadari, kuma in gwangwanin ya fashe ruwa ya shiga, zai kashe ƙwayoyin ƙasa ya bi ruwa. A wannan shekarar Tarayyar Turai ta yi doka cewa kafin a niƙa mota sai an cire jakunkunan ko an tayar da su da gangan.

A nan kuwa mota tana mutuwa ne a hannun 'yan gwangwan. Da guduma da kurfi ake rarraba ta, a yanka abin da ya ƙi da wutar walda, a tara wayoyi a cinna musu wuta don a fitar da jan ƙarfe, a ɗora sauran a sikeli. Yaron da ya ciro gwangwani mai nauyi daga cikin sitiyari, abin da ya gani alminiyom ne ko ƙarfe mai tsada a kilo. In ya jefa shi wuta zai tashi da shi. In ya fasa ya zubar da ƙwayoyin a ƙasa, a wurin da ake tuntsurar da ruwan tsohon batir kuma jan ƙarfe yake zube ko'ina, to ya haɗa sinadarin da abokan gābarsa biyu a fili ɗaya.

Masu wayarin mota da fanel bita sun fi sanin abin, don wasunsu sun ga yadda take tashi. Ƙwararre a cikinsu zai cire kan batir ya jira 'yan mintoci, saboda na'urar tana riƙe wuta bayan an cire. Ya san soket mai launin rawaya na iyabag ne, ba a gwada shi da fitilar gwaji. In ya ciro ta, zai ajiye ta fuskarta sama, don in ta tashi kada ta yi tsalle. Zai kuma ce wa yaron shagonsa, "Kai, kauce daga gabanta." Amma a kasuwar motocinmu ne kuma ake sayar da motar da ta yi haɗari a Amurka aka sayo ta a gwanjo, aka cusa tsumma a inda jakar take, aka manne murfin, aka kashe fitilar gargaɗi a dashbod. Mai saye ya tambaya, dillali ya ce, "Alhaji, komai nata yana nan, ko ƙwarzane babu." Wannan motar ba azayid a cikinta, ba kuma abin da zai tare ƙirjin Alhaji.

Kamfanoni sun fara barin azayid tun ƙarshen shekarun 1990, saboda gubarsa ga ma'aikatan masana'anta da matsalar zubarwa. Yawanci sun koma wani sinadarin da ake kira guwanidin naitiret. Kamfanin Takata na Jafan shi kuma ya zaɓi amoniyom naitiret, ɗan'uwan takin zamani, don ya fi arha. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Zafi da laima na shekaru suna lalata ƙwayoyin, in suka tashi sai su ƙone da ƙarfin da ya wuce kima, gwangwanin ya tarwatse, ɓaraguzan ƙarfe su nufi fuska da wuyan direba. Sama da mutum 20 sun mutu ta haka a Amurka kaɗai. Aka yi kiranyen da ba a taɓa yin irinsa ba a tarihin motoci, kusan gwangwani miliyan 67 a ƙasar, kamfanin ya durƙushe a watan Yuni na 2017.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Mafi haɗari a cikin gwangwanayen Takata suna cikin Honda Accord da Civic ƙirar 2001 da 2002, wato har da wadda ake kira Henesi a nan arewa, kuma a watan Fabrairun 2023 kamfanin Honda ya ce wanda bai canza tasa ba ya daina tuƙa ta sam. Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008, wadda ba a yin minti biyar a shataletalen Wunti ba a ga ɗaya ba, tana cikin kiranyen ta ɓangaren fasinja. Wasiƙar kiranye tana bin adireshin mai mota na ƙarshe a Amurka. Motar da ta bar ƙasar kafin a gyara ta ba wanda zai biyo ta Shadawanka da wasiƙa, kuma ta zo ne inda zafi da damina za su ƙarasa abin da suka fara.

Akwai hanyar dubawa, kuma kyauta ce. Kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ana ganinta ta gilashin gaba a ɓangaren direba, tana kuma jikin ƙofa da takardun kwastan. Idan motar daga Amurka ta fito, a shiga shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurran ƙasar, NHTSA, a rubuta lambar a wurin duba kiranye. Zai nuna ko akwai gyaran da ba a yi ba. In ya nuna na jakar iska ne, sai a nemi wakilin kamfanin motar a Najeriya da lambar a hannu. Sayen wata jakar daga tsohuwar mota irinta a kasuwar kayan gyara ba ya warware komai, don mai yiwuwa daga layin masana'anta ɗaya suka fito.